Garwashi a Kan Murfi

Ƙarfe bakwai da kwata abin ya fara lalacewa. Na sani, don idona na kan agogon da na ci a gasar karatu. Muna tsakar gidanmu a Anguwan Rogo, mun kewaye kurfoti saboda sanyi. Kakarmu Iya ta murƙushe dafaffen dankalin Turawa da man shanu, ta barbaɗa dakakken ƙuliƙuli da soyayyar albasa a kai. Ta rufe tukunyar, ta jera garwashi a kan murfin don saman ya yi ƙaras-ƙaras. A ranar Baba zai dawo daga tafiya, da wannan girkin zai ci soyayyar kazarsa, kuma shi ke nan dankalin da ya rage a gidan.

"Iya, minti nawa zai yi?"

"Ke dai zauna. Ga ta nan tafe gare ku."

Tatsuniyar bushiya ce, wadda wutarta ta mutu ta fita ɗiba a maƙwabta, kowane gida sai an aike ta sannan a sallame ta hannu wofi. Abin da ke ba ni haushi, ba ta taɓa zuwa iri ɗaya ba. Yau gida uku, gobe biyar. Ni ba mai magana ba ce, amma ba na iya haɗiye kuskure. Da Iya ta fito daga gidan kwaɗo ta nufi ƙarshe, sai na ce, "Jiya akwai gidan kunkuru."

"Yau ya yi tafiya."

"Zomo fa?"

"Malama, ke kika haifi bushiyar?"

Ƙannena suka kama ihu sai an dawo da kunkuru. Iya ta juya wa tukunya baya tana faɗa da mu. Kafin bushiya ta koma ta tarar da garwashi a ƙarƙashin tokarta, ƙauri ya cika gidan. Baba ya ci kazarsa ba mahaɗi, ni kuwa na sha harara har na ƙoshi.

Bayan rasuwar Iya na sha gwada girkin da agogo a hannu, ko ya ƙone ko ya fito luɓus. Wata rana ina yi wa Goggo, ƙanwar Baba, mita, har na ce Iya ko tatsuniyarta mantawa take, balle ta bar mana lissafi.

Goggo ta yi tsaki. "Wace mantuwa? Hancinta na kan tukunya. In ƙamshi bai taso ba, ta ƙara wa bushiya gida. In ya taso, ta mayar da ita ɗakinta. Ku ne ke jin tatsuniya, ita girki take yi."