Hannun da Ya Kunna Zarto

A layin masu gilashi, in ka wuce shagon mai walda, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Nan Auta take aikinta. A gida Auta ce, don ita ce ta bakwai kuma ta ƙarshe a wurin mahaifinta. A layi kuwa Mai Firam ake ce mata, saboda shekara goma sha shida ke nan ba ta da sana'ar da ta wuce haɗa firam: na hoto, na madubi, na takardar shaidar gama makaranta. Katako huɗu ne, yanka takwas, amma in kusurwa ɗaya ta kauce ko da faɗin silin gashi, sai firam ya buɗe baki. Nata ba sa buɗewa.

Injin zartonta yana kan dogon teburi a jikin bango. Faifai ne mai haƙora, da mariƙi a sama: ka juya shi zuwa kusurwar da kake so, ka matsa kunamar da ke jikin mariƙin, wato ɗan makunnin da ke tayar da injin, ka sauke shi kan katako. Akwai murfi mai rufe haƙoran, ba ya ɗagawa sai faifan ya sauka. Auta ta ja jan layi a kan teburin, dama da hagu, taƙi guda daga haƙoran, kuma ba hannun da ke tsallake shi. Gyalenta a ƙusa take rataye shi tun daga bakin ƙofa, ta ɗaure kai tamau, ta naɗe hannun riga, ta sa tabarau. In katako ya yi gajarta, ƙarfen matsi ke riƙe shi, ba yatsa ba. In ta gama yanka, ba ta ɗaga mariƙin sai faifan ya tsaya cak.

A wurin mahaifinta ta koya. Tsohon kafinta ne, Baba Bakwai, wanda ya samo sunan daga hannunsa na hagu, inda babban yatsa da manuniya kaɗai suka rage. Shi da kansa yake fara tsokanar kansa. In aka tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya ɗaga hannayensa biyu ya ce, "Allah ya so ni, bakwai ne cif. Da takwas ne, da sai na ari yatsa a maƙwabta."

Tun tana ƙarama in ta tambaye shi yadda abin ya faru, amsarsa ɗaya ce: "Sakaci, Auta. Sakacin ubanki." Da wannan kalma ta girma. Tana ƙaunarsa kamar ranta, amma can ƙasan zuciya ta ajiye cewa Baba ya taɓa yin wauta, ita kuwa ba za ta yi ba. Duk wanda ya zo koyon aiki, da hannun Baba take yi masa misali.

Abokin aikinta ƙanin mijinta ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda kowa ke kira Gaggawa. Hannunsa na da kyau, sai dai ko shayi a tsaye yake sha.

Wata Laraba da hantsi, wata makaranta ta ba su aikin firam sittin. Auta ta fita zaɓen gilashi, a hanyar dawowa ta haɗu da Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, rungume da tsohon hoton marigayi mijinta da gara ta ci masa gefe. Suka taho tare suna hira. Tun daga nesa Auta ta lura ƙarar injin ba ta yankewa. Zarto kuwa yakan yi kuka ne ya yi shiru, ya yi kuka ya yi shiru.

Ta leƙa ciki. Gaggawa ya ɗaure murfin haƙoran sama da waya. Ya naɗe kunamar da roba, injin na ta gudu shi kaɗai. Ga shi ya riƙe wani guntun katako da bai kai tsawon cokali ba, yatsunsa sun tsallake jan layi, suna dab da haƙoran.

Ba ta yi ihu ba, don ta san wanda aka firgita a gaban zarto hannunsa ke fara zabura. Ta bi ta bayansa a hankali, ta fizge fulogin daga bango. Sai da faifan ya gama juyawa sannan ta buɗe baki.

"Gaggawa! Kanka ɗaya kuwa?"

"Haba matar yaya, firam sittin fa. Yatsana ne ya gaji da matsa kunamar, murfin kuma yana tare min gani."

"Yatsan da ya gaji shi za ka ba zarto ya hutar da kai? Me zan gaya wa matarka? So kake ka zama irin Baba? Sakacin minti ɗaya, ga shi har yau da haƙori yake ɓalla maɓallin hannun riga!"

Gwaggo, wadda ta zauna a benci tana fifita da gefen mayafi, ta miƙe tsaye.

"Ke Auta, kul! Kada in ƙara jin kin ci mutuncin yayana a gaban mutane."

"Gwaggo, ba cin mutunci ba ne. Shi da bakinsa yake cewa sakacinsa ne."

"Don ke yake faɗa! To wa ya kunna masa injin? Ba ke ba ce?"

Ƙarar gudumar mai walda sai ta zama kamar daga wani gari take zuwa. Gwaggo ta kai hannu ta toshe bakinta, amma magana zarar bunu ce.

"Ni?" in ji Auta. "Ni wace?"

"Ba komai, 'yar nan. Tsufa ne. Bakina ne ya kuɓuce."

"Gwaggo, ai an ce ina gidan kaka ranar."

Gwaggo ta sunkuyar da kai ta fara kuka. Auta ta dubi hannunta na dama kamar yau ta fara ganinsa. Ta zauna a kan buhun dusar katako. Gaggawa kuwa ya tsaya riƙe da guntun katakon nan, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ba ta san yadda ta isa gidan mahaifinta ba. Ko gyalenta a ƙusa ta baro shi. Ta same shi a inuwar tsakar gida yana gyara ƙafar wata kujera. Ya ɗago ya ga fuskarta, ya ajiye guduma.

"Wa ya mutu?"

"Baba, ni ce na kunna injin?"

Ya ja dogon numfashi ya ce, "Gwaggonki ko? Tun tana yarinya bakinta rariya ne. Zauna, Auta."

Ta zauna a ƙasa gabansa.

"Shekararki huɗu," ya ce. "Lokacin shagona a zauren gidan nan yake. Na sayi sabon inji, aiki ya yi min yawa, sai na ɗaure kunamar da roba. In zan kunna in danna makunnin bango, in zan kashe in danna shi. Makunnin kuwa ƙasa-ƙasa yake, daidai gwiwata. Ranar wani guntu ya maƙale a gefen haƙoran. Na kashe a bango, na sa hannu ina ciro shi. Ban ji shigowarki ba. Ke kuwa kullum kina ganin ina danna abin nan, kina so ki taya ni aiki. Sai kawai na ji kin ce, 'Baba, na kunna maka.'"

Auta ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah na. Wayyo Baba."

"Tsaya, ban gama ba. Na naɗe hannun cikin riga kafin ki gani. Na ce ki ruga ki kira innarki. Kina fita kina tsalle, murna kike kin yi aiki. A asibiti na tara su duka, innarki da yayyenki da Gwaggonki, na ce duk wanda ya gaya miki ban yafe ba."

"Shekara talatin da biyar ina kiranka mai sakaci. A gaban almajiran aiki, a gaban baƙi, har da nuna hannunka!"

"To ƙarya kika yi? Wa ya ɗaure kunama? Wa ya sa hannu a haƙora bai cire fulogi ba? Wa ya bar ƙofa a buɗe alhali akwai ƙaramar yarinya a gida? Ke makunni kika danna, abin da kowane yaro zai yi. Ni ne na gina ramin, ke wucewa kawai kika yi. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, Auta. Rabin labarin na ba ki, kuma shi ne rabin da ke da amfani."

"Kuma ka bar ni na shiga wannan sana'ar?"

"Innarki, Allah ya jiƙanta, ta yi ta faɗa a kan haka. Na ce mata in muka kore ki daga zarto za ki tambayi dalili. Ga shi kuma kin fi duk yayyenki maza ido."

Ya miƙo mata hannun hagun don ya ɗaga ta. Ta yi shekaru tana kama hannun nan ba ta ji komai ba. Ranar sai ta kasa taɓa shi.

Da la'asar ta kira babbar yayarsu a waya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, kin sani?"

"Duk mun sani, Auta."

"Ku shida? Ba wanda ya taɓa ko kuskuren faɗa, ko muna rigima?"

"Sau nawa kina ba ni haushi in ciji harshena. Amma ki ji nawa: ni aka bar wa ke ranar. Inna ta ce in kula da ke, na tafi wasa ƙofar gida. Shekarata goma sha ɗaya. Kin ga ke ba ki sani ba, kin yi barcinki lafiya. Ni da nawa na girma."

Suka yi ta kuka a waya, kowace na ba 'yar'uwarta haƙuri.

Kwana tara ba ta taɓa injin ba. Takan zo shagon ta goge gilashi, ta buga ƙananan ƙusoshi, amma da an kunna zarto sai ta fita waje ta tsaya. Gaggawa da hannunsa ya kwance wayar da robar, ya jefa su a bola. Shi kaɗai ya yanka firam sittin ɗin nan, yana matse kowane guntu da ƙarfe, yana jiran faifan ya tsaya, har mai walda ya leƙo ya ce, "Yau me ya sami Gaggawa? Ko suna za mu sake masa?" Ba wanda ya yi dariya.

A rana ta goma sai ga Baba Bakwai da sandarsa. Rabonsa da shagon ya fi shekara biyu. Ya zagaya teburin, ya ɗaga murfin ya sake shi ya ga ya koma da kansa, ya duba fulogin. Sannan ya ɗauki katako ya miƙa mata.

"Yanka min kusurwa."

"Baba, hannuna rawa yake."

"Na gani. Ƙarfen matsi ba ya rawa, sa shi. In kin ji ba za ki iya ba ki bari sai gobe, ba a zuwa wa zarto da rabin hankali. Amma goben ma zan dawo."

Ta tsaya ta yi numfashi har kafaɗunta suka sauka. Ta matse katakon, ta sa tabarau, ta janye hannun hagu bayan layi, ta sauke faifan. Yankan ya kauce kaɗan. Baba ya ɗaga shi sama ya ƙanƙance ido.

"Wannan ko Gaggawa ba zai karɓa ba. Sake."

Sai a na huɗu ya gyaɗa kai.

A makon ta kira mai gyaran wuta ya mayar da soket ɗin sama da kafaɗar babban mutum, ya yi masa akwati da kwaɗo. Masu kawo aiki da yara kuwa, ta sa musu benci a waje, ta tare ƙofar da katako daidai ƙugu. Wata mata ta ji haushi ta ce ai ɗanta ba ya taɓa kayan mutane. Auta ta ce, "Na yarda, Hajiya. Masu son taimako su nake tsoro."

Baba ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Gwaggo. Auta ce ta gaji, ta je ta ɗauko ta ta kawo ta gidan Baba, ta zaunar da su a tabarma ɗaya, ta ce ba mai tashi sai sun shirya. Gwaggo ta yi ta rantsuwa ba da gangan ba ne, Baba ya yi ta kiranta rariya, ita kuma ta tuna masa ranar da ya tona asirin aurenta tun ba a tsai da magana ba. Nan musu ya koma kan wanda ya fi wani surutu tun suna yara. Da Auta ta ga sun manta da ita a wurin, sai ta ɗauki jakarta ta koma shago, don akwai madubi biyu da za a zo karɓa kafin azahar.