Farin Ruwan Kanumfari da Ƙafar Ɗan Fari

Ba tatsuniya zan ba ku ba. Da rana tsaka abin ya same mu, a gidanmu na Zandam, shekarar da gero ya yi kyau amma ba wanda ya ji daɗin cinsa.

Ɗana na fari direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi daga kasuwannin Gwaram zuwa Kano. Ku sani, a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Kunya ke nan, haka muka tarar. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan" nake cewa, kowa ya gane.

To, wancan yana da ciwon suga. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa wajen lodi, ɗan rauni kamar ƙwayar dawa, sai ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Matarsa ta wanke da ruwan darbejiya, ta ɗiga man kanumfari, man ya ƙone gefen naman. Wari ya fara fitowa daga ɗakin. Aka ce asibiti, ya ce ko kusa, can yanke ƙafa suke yi, direba kuwa in ba ƙafa gara kabari. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin komai, ban ɗaga kai ba.

Ana cikin haka babban ɗansa ya zo daga jami'a, jikana, wanda nake kira mai gida saboda wasan jika da kaka. Ƙaro ya zo nema wajen masu ɗibarsa a daji, don aikin bincikensa.

Na ce, "Mai gida, haka ka zo hannu rabbana? Ina cefane?"

Ya ce, "Amarya, haƙoran cin naman nawa suka rage miki?"

Ya ciro 'yar kwalba ya nuna mini, farin ruwa a ciki kamar madarar da aka tsinka. Ya ce man kanumfari ne. Na ce ƙarya, mai ba ya zama da ruwa, ko ka kaɗa ka gaji sai ya taso sama. Ya ce da ƙaro suke haɗa su, inji ya farfasa man ya koma ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani, ƙaro ya lulluɓe kowane ɗigo kamar yadda nake mulmula fura a gari don kada ta manne da 'yar'uwarta. Da haka zafinsa ke raguwa, ya kuma isa inda cuta take. Ya ce a farantin gilashi sun ga ya kashe irin ƙwayoyin da ke ruɓar da rauni.

Na ajiye rariya. Na nuna ɗakin da haɓa, na ce, "To, ga wancan can."

Wasa ya bar fuskarsa. Ya ce, "Ba zan sa masa ba, Inna. A faranti muka gwada, ko fatar ɓera ba mu kai ba. Ciwon nan kuma ya shige ciki, ba na shafe-shafe ba ne."

Gida ya ɗau zafi. Ƙanin marigayi mijina ya ce boko ya cinye wa yaron imani, magani a aljihu, uba yana ruɓewa. Ni ma da jikan nawa ya gaishe ni da safe ban amsa ba.

Ya zo ya tsuguna bakin murhuna. Ya ce, "Ni ɗansa ne, ba zan ba shi umarni ba. Baffansa ya yi magana, liman ya yi, bai ji ba. Ke kaɗai kika rage."

Na ce, "Ka san abin da kake nema na yi?"

"Na sani."

Na tura itace cikin wuta. Sannan na miƙe na ratsa tsakar gida, mata suka daina daka. Na ɗaga labulen ɗakin wancan. Rabona da taɓa ƙafar nan tun ranar da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa. Ta kumbura, yatsun sun yi baƙi. Na ɗora hannuna a ƙwaurinsa, na kira sunansa, sunan ya fito mini baƙo a baki. Na ce, "Tashi a kai ka asibitin Birnin Kudu."

Ya rufe fuska da hularsa. Sannan ya miƙo hannu aka ɗaga shi.

Likitoci sun cire gaban ƙafar, diddige ya tsira. Suka ce da an ƙara jira, da daga gwiwa za a yanke. Mota dai ya bar ta har abada.

Jikana ya koma da kwalbarsa. Duk zuwansa sai na tambaya, sai ya ce suna kan gwaji. Har yanzu akwai masu cewa da ya ɗiga farin ruwan nan tun farko, da yatsun suna nan. Ya ce mini ba haka ba ne, na yarda da bakinsa, zuciya ce wani lokaci take gardama.

Sunan ban sake kiransa ba. Amma in wancan zai tafi masallaci, yakan tsaya da sandarsa daidai ƙofar ɗakina, ya yi gyaran murya, ni kuma na yi tari, sannan ya wuce.