Layin Farko a Akwatin Baffa

Tana 'yar shekara bakwai ta fara jin sunan, a bakin Gwaggo. An miƙa mata kwanon abinci, Gwaggo ta ce, "Kai wa Na-Biyu, in dai zai ɗaga kai daga akwatin shirmen nan." Sai da ta tambaya ta gane Baffanta ake nufi, ƙanen marigayi babanta.

Baffa mai gyaran rediyo ne, shagonsa ɗan tsukut, kullum yana warin dalma. A kusurwa akwai akwatin wasa mai tsayin mutum, fentinsa ya koɗe, da sanda ɗaya da jan maɓalli. Ɗan jirginka yana ƙasan gilashi, jiragen abokan gaba suna saukowa sahu-sahu, kana harbi kana gocewa. In jiragenka uku suka ƙare, sai jerin gwanaye goma ya fito. Layi tara na ƙasa duk na Baffa ne. Na sama kuwa haruffa uku ne na sunan babanta, da makin da ya ci mako biyu kafin haɗarin mota ya ɗauke shi. Hotonsa ɗaya tak, shi ma ruwa ya cinye. Layin nan ne kaɗai abin da ya bari da hannunsa.

Telan da ke maƙwabtaka ba ya gajiya da tsokana. "Shekara da shekaru kana harbi, mamaci na gabanka! Ko tabarau za a saya maka?"

"Kai dai ji da wandon mutane," in ji Baffa, "ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

A gida kuwa babu wasa a ciki. Gwaggo cewa take ya tsufa a gaban abin yara, kuma ko a nan ɗin ya kasa zama na ɗaya.

Yarinyar tana aji huɗu a sakandare ta ga gaskiyar. Ta tsaya a bayansa, maki na hawa, saura ƙiris ya kamo na sama, jiragensa uku cif. Sai kawai ya saki sandar, ya naɗe hannu a ƙirji, yana kallo aka farfashe su ɗaya bayan ɗaya.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ke kira hauka. Duk shekara biyu yakan buɗe bayan akwatin ya sauya wani ɗan batir mai kamar kwabo, kuma da wuta a jikin injin yake yi, yana tsaye a kan silifas ɗin roba. Gwaggo ta ce wata rana gasasshe za a kwaso shi. Bai taɓa faɗin dalili ba, ita ma yarinyar ba ta taɓa tambaya ba, duk da littafin da take cikawa da tarihin dangi.

Bayan rasuwarsa matarsa ta ba ta makullin shagon. Da ta kunna akwatin, ta ga gilashin ya dushe, da kyar take karanta sunan babanta. Hankalinta ya tashi, ta nemo mai gyara, wanda kowa ya shaida da tsantseni. Abu na farko da ya yi, ya zare filogi. Ita ce ma ta riƙe masa tocila.

"Batirinki ya fara tsatsa, Hajiya, na sa miki sabo."

Ya mayar da filogi. Gilashi ya haska tar, ya fi yadda ta san shi. Layi goma, sifili daga sama har ƙasa. Ashe don kada jerin ya goge ne Baffa yake sauya batir da wuta a jiki.

Da Gwaggo ta ji, cewa ta yi, "To, ai an huta."

Makon jiya yarinyar ta koma shagon ta share ƙura, ta kama sandar. Ko minti ɗaya ba ta yi ba aka gama da ita. Akwatin ya yi ɗan kiɗan murna, ya buɗe mata layin farko, yana jiran ta sa sunanta. Ta janye hannu ta zauna a kujerar Baffa.

A kan kujerar nan yake ranar da ya gane ta ga abin da yake yi. Bai ko juyo ba ya ce, "Ɗiyata, in ba na nan, ki riƙa kunna shi ko sau ɗaya ne a wata. Ki buga yadda kike so. Amma in kin ga kin kusa babanki, ki saki sandar."