Ragowar Man Yaya

Mijin yayata mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. A layinsu Mai Murfi ake ce masa, don sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yakan ɗaura guntun itace a inji, itacen na juyawa yana bin sa da ƙarfe yana fiƙewa, har ya fitar da batta ko kwano mai murfi, irin na ajiye 'yan kunne ko na ado a falo. Daga itace ɗaya yake yanko gindi da murfi, yadda in an rufe zanen katakon zai haɗu kamar ba a taɓa raba shi ba. Ni dai tsokanarsa nake yi, in ce da ya iya hira yadda ya iya murfi, da Yaya ta more miji. Sai ya ce, "Auta ke nan," ya ci gaba da aikinsa.

Shagon ɗaki ne guda a jikin gidansu. Inji na bakin taga, shi yana tsaye a gabansa. A bayansa Yaya ke zama kan 'yar kujera da tsumma a cinya. Nasa sassaƙa da gugar samfefa. In ya gama sai ya miƙo hannu baya, ko waiwaye babu, ta karɓa. Shafa mai kuwa nata ne. Da kanta take haɗa man a kicin ta juye a gwangwanin madara, ta shafa, ta bar katako ya sha, ta murje, ta sake shafawa. Kayan su fito da sheƙi mai sanyi, ba danƙo, ga wani ƙamshi da ke kama hannu da zane. A haka suka tsufa, tana kallon ƙeyarsa.

Ciwon Yaya bai ja ba, Allah ya yi mata rasuwa. Ɗansu tilo ya zo ya koma garin da yake aiki, sai dai waya jefi-jefi. Gida ya rage daga Mai Murfi sai ƙarar inji. Nakan kai masa abinci, in tarar ya gama goge batta ya miƙa hannu baya, ya tsaya haka, sannan ya dawo da hannun. Abin yana sosa mini rai, har nakan yi tari a bakin ƙofa kafin in shiga.

Da man gwangwanin ya yi ƙasa, ya sayo na kanti. Mai shagon kayan kyauta da ke sarar kayansa ta dawo da su, ta ce wannan ƙyalli kamar roba ba shi ta saba saye ba. A ranar ya tako har gidana, abin da bai taɓa yi shi kaɗai ba.

"Auta, me yayarki take zubawa a man nan?"

"Ni kake tambaya, Malam? Kai da kuke ɗaki ɗaya shekara da shekaru?"

"Ban taɓa tambayarta ba."

Raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba. Na ce, "Ai ta sha faɗa maka. A gabana ma ta ce ta ƙara wani abu a ciki, inji na ruri, ka ce mata to."

"Wane abu ne?"

Wallahi ni ma ban riƙe ba.

Ya shiga bin sawunta. Mai shagon fenti ya ce kakin zuma take saye da man goge katako. Mai kayan ƙamshi ya ce takan sayi wannan ta sayi wancan, shi ina ya san na girki da na shago? Mutumin da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba ya koma ɗora tukunya. Ya ƙona mai, ya ƙona yatsa, ya ƙona tukunyar Yaya mai kyau, na kuwa yi masa tatas. Amma mai nema yana tare da samu, a hankali haɗin ya zauna, mai shagon kyauta ta karɓi kaya ba ƙorafi. Na yi masa barka. Ya shinshina tsumman ya ce, "Sheƙin ya yi. Ƙamshin ne ba nata ba."

Abin da ya rage a gwangwanin bai fi cikin cokali ba, ya kuma daina taɓa shi. Sai dai murfin gwangwanin ya lotse, man na bushewa, ƙamshin na raguwa. Ya zaɓo itacen da ya fi so a shagon, ya yi wata 'yar batta, ya kankare man tas ya juye a ciki. Da rana in ya kashe inji zai ci abinci, sai ya buɗe ta ya shaƙa sau ɗaya, ya yi maza ya rufe.

Da damina ta kankama, na shiga wata rana da kwanon abinci na same shi zaune, battar a hannu, yana murza murfin, murfi ya ce bai san zance ba. Ya ce mini katako yana shan danshi ya kumbura, shi ya sa kowane murfi yakan bar masa ɗan sarari. Wannan ne kaɗai bai bar wa ba, don tsoron kada ƙamshin ya sulale.

Na ce, "Kawo wuƙa in ɓanɓare maka."

"Za ta tsage."

"To a kara ta kusa da wuta."

"Man zai narke ya shige cikin katakon." Ya shafa murfin da babban yatsa. "Sai dai rani, in muna da rai."

Na zauna a bakin ƙofa, tausayinsa ya hana ni tsokanar da na zo da ita. Ruwa na sauka a kan kwanon rufi. Ya kai battar hancinsa a rufe, ya ja numfashi, ya jujjuya ta ya sake gwadawa ta wajen da murfi ya haɗu da gindi.

"Murfin ya yi kyau, Auta," ya ce. "Ko kaɗan ba ya fitowa."