Naman Layyar Gidan Esposito

Duk wanda ya zauna a Greensboro ta Amurka ya san Baba Isufu da kalma biyu: "Namu ne." Ko a jikin motar mai gyaran famfo ya ga sunan Esposito, ko a allon ofishin lauya, ko a shafin rasuwa na jarida, sai ya dafa ƙirji ya ce namu ne. Mutum baƙi wuluk, ɗan Damagaram, hula a ka carbi a hannu, amma a lasisinsa na tuƙi Issoufou Esposito aka rubuta. Ranar da na fara ganin katin, wallahi na ɗauka na wani ya tsinta. In ka tambaye shi inda ya samo sunan Italiya, sai ya ce, "Inda ka samo naka," ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Ni ne Bashir, mijin 'yarsa Zalika, sai dai a lokacin ban kai ga wannan matsayi ba. Ɗalibi ne ni daga Kano, ina son yarinyar kamar in mutu, saboda haka ko tari tsohon ya yi sai na ce na'am.

Da Babbar Sallah ta zo ya ce in kawo motata. Muka je gona a McLeansville ya yanka raguna biyu, muka dawo aka shiga ƙulla nama. Ledojin ma na bara ne, ya wanke ya shanya su a igiya. Na kama wata mai huji zan jefa a shara, ya buge mini hannu. "A gidana ba a yar da komai." Sai ya zaro wani tsohon littafin lambobin waya, duk ya ja layi a ƙarƙashin sunaye.

Na ce, "Baba, da liman za mu fara?"

"Dangi tukuna."

Ban ankara ba sai ga mu a Sedgefield, unguwar da ciyawa ma aski ake yi mata. Baba ya danna ƙararrawa, yana cikin babbar riga, cinyar rago a hannu tana ɗigar jini a kan dakalin mutane. Ni kuwa na fara tunanin wanda zai zo belinmu. Wata tsohuwar Baturiya ta buɗe, Madam Rosa Esposito, ta dube shi sama da ƙasa ta ce da Turanci, "Bana ka makara." Ta karɓe ledar, har da tambayar ina hanta. A mota na kasa rufe baki. Baba ya ce, "Shekarar farko 'yan sanda ta kira mini. Shi ma ɗan sandan sai da ya zauna ya ci soye." Gida bakwai muka zaga ranar, babu Musulmi ko ɗaya.

Bayan wata biyu ya ga rasuwar wani Esposito a jarida, mutumin da ko a hoto bai taɓa gani ba. Ya ce in kai shi gaisuwa. Ina ja masa riga, ya wuce kowa ya zauna a layin iyalan mamaci. Da aka tashi ya tare babban ɗan, wani ƙato mai wuyan bijimi, ya ɗaga masa yatsa. "A yi rasuwa a gida, sai a jarida zan gani?" Na nemi ƙasa ta tsage in shige. Ƙaton ya yi tsuru-tsuru, ya dubi uwarsa, sannan ya ba Baba haƙuri. Har musayar lambar waya suka yi, don kar a sake.

To, ga inda dariya ta ƙare mini. Maganar aurenmu ta taso, aka ce ƙanin mahaifina, Baffa Lawal, zai zo daga Kano ya ga gidan da zan nemi aure. Baffa mutum ne da ko akuya zai saya sai ya tambayi uwarta. In ya ce asali bai yi masa ba, magana ta mutu, ba wanda zai tayar da ita a danginmu. Ni da shegen iya yi na ce bari in binciko sunan nan a intanet, in sami abin burge shi, ko a ce gidan sarauta ne a Italiya.

Abin da na gani ba sarauta ba ce. Sunan ya fito ne daga wata tsohuwar kalma mai nufin wanda aka ajiye a waje. A birnin Napoli, jariran da aka yar a ƙofar gidan marayu, ba a san uwa ba balle uba, su ake raɗa wa shi. Kuma yana cikin sunayen da suka fi yawa a can. Na zauna na yi tagumi. Tsoho yana yawo da suna yana buga ƙirji, ashe bai san me ya ɗauko ba. Haka na zata.

Na je na durƙusa na ce, "Baba, in Baffa ya zo, a tsaya a Alhaji Isufu kawai."

"Me ya sami sauran?"

"Ba komai, Baba."

"To."

Ranar ta zo. Muna falonsa a East Greensboro, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka sha fura, Baffa ya gyara zama ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, al'ada ce. Wane ne mahaifi?"

Baba ya ce, "Ban sani ba."

Ya ci gaba, ko muryarsa ba ta rawa. Ya ce a kwando aka same shi, a ƙarƙashin kamiyon, wato babbar motar, wani Bature mai haƙa rijiyoyi a bayan garin Damagaram. Baturen ya miƙa shi ga matar kukunsa, ita ta shayar da shi, ta sa shi a makarantar allo. Da za a kai shi lakwal, wato makarantar boko, aka tambayi sunan uba, kowa ya sunkuyar da kai, sai Baturen ya ce a rubuta nasa. "Da na girma ya zaunar da ni ya gaya mini ma'anarsa. Ya ce kakan kakansa ma a ƙofa aka ajiye shi. Ya ce kar in taɓa cewa ba ni da dangi, mun fi kowa yawa." Sai ya juyo ya harare ni. "Wannan ɗan bokon ya gano jiya-jiya, yana ta zufa. Ni na shekara sittin da sani."

A raina na riga na yi sallama da Zalika. Can Baffa ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce, "Na zo da niyyar in tono, ka riga ni. Ban ga abin da ya rage in bincika ba. Sai dai alfarma ɗaya, Alhaji: kar a sa wa jikokina sunan nan."

Baba ya ce, "Wa ya ce zan ba su? Ba kowa ake ba ba. Su ai an san ubansu."

Baffa ya yi dariya har da ƙwarewa, ni kuma na fita waje na yi kuka.

Bara bayan azumi Baba ya rasu. A maƙabarta, bayan sahunmu, Turawa ne tsaye cikin baƙaƙen kaya, har da ƙaton nan, don wannan karon mu muka kira shi. Da layya ta zo gidan ya yi mana faɗi. Zalika ta ajiye littafin lambobin a kan tebur, ba wanda ya iya buɗe shi. Wajen la'asar aka danna ƙararrawa. Madam Rosa ce, tana dogara sanda, da cinyar rago daga shagon halal. Ta kuma miƙo mini wani ƙunshi: ledojin duk shekarun nan, a wanke, a ninke. Ta ce shi ya gaya mata ba a yarwa.

Na ɗauki littafin da makullin mota, na ce wa Zalika ta fara ƙullawa, dangi na jira.

Allah, bawanka ne da aka ajiye a waje, kai ka tsince shi ka raya shi. Kar ka bar shi a ƙofa. Ka buɗe masa, ka ce namu ne.