Dutsen da Kaka ke murzawa a kan kwaɓi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Mairo. Amma ni lissafina yana farawa ne daga ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Alhamis, ana saura kwana biyu Sallah, a gidanmu na unguwar Misfala, a Makka.

Kaka tana da wani baƙin dutse, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, mai huji a tsakiya. Wani alhaji ɗan Iraƙi ne ya bai wa marigayi mijinta, saboda ya ɗauki mahaifiyar alhajin a ɗawafi. Duk Sallah takan murza shi a kan kwaɓin ma'amul, cincin ɗin nan mai dabino, ya bar zane. Ganye take ce wa zanen. Idonta ya daɗe da rauni.

Ran nan maƙwabta uku suna taya ta aiki. Ni kuma ina shekarar farko a jami'a, na taɓa ganin irin zanen a littafi. Na ɗaga kwaɓin wajen taga na duba: mutum a tsaye ya ɗaga hannu, gabansa wani a zaune da hula mai ƙaho, jinjirin wata a samansu. Ni da ba na iya gaida baƙo sai na sunkuya, na buɗe baki na ce, "Kaka, wannan hatimin mutanen dā ne. Na zaunen nan abin bautarsu ne."

Wata maƙwabciya ta ajiye na hannunta, ta goge yatsunta a zani. Kaka ta ce, "Shekara arba'in ina ciyar da baƙin Allah da wannan?" Ba ta ƙara yin ma'amul ba, ba ta ƙara kirana ɗakinta in karanta mata komai ba. Bayan wata takwas ta rasu.

Yau otal ne a inda gidan yake a dā. Bincikena na babban digiri a kan irin hatiman nan yake. Na san sunan allahn watan, na san a kan ɗanyen yumɓu ake murza su a madadin sa hannu. Ban san ko za ta yi alfahari ba, ko ta kau da kai. Har yanzu a Misfala ana zancen hannunta a girki, ba a zancen dutsen, sai ni.

Bana na yi ƙarfin hali na tambayi mahaifiyata, Ummi, ko Kaka ta tafi da fushina.

Ummi ta ce, "Kakarki ta ce karatunki bai yi ƙarya ba, ta ma gode. Amma da dai kin bari maƙwabtan sun tafi."