Kwamfuta Ta Goma Sha Uku

Jama'a, kafin in fara bari ku san wanda yake magana, don kada wani ya ce ɗan koyo ne ya ga abin da bai gane ba ya firgita. Daga Nguru har Gashua, ku haɗa da Jajimaji da Karasuwa, in dai maganar kwamfuta ce babu mai ja da ni. Akwai kwamfutar da in ta ƙi tashi, ana cewa "ga Injiniya nan tafe" sai ta kunna kanta don kunya. To ni ɗin nan abin ya faru da ni, shekara shida ke nan ko bakwai, da rana tsaka, kuma na rantse da Wanda raina yake hannunSa ban ƙara gishiri ba, duk da na san abokaina za su ce ai buhun gishiri a aljihu nake yawo da shi.

Wani asibitin kuɗi ne, ba zan kama suna ba, babban gidansa a Nguru, reshe a Gashua. Likitan da yake da shi ya kira ni in kafa masa saba, wato babbar kwamfutar da za a zuba katunan marasa lafiya duka a cikinta, ta yadda in mutum ya je Gashua za a buɗe katinsa ko da a Nguru aka yanka masa. Na kafa eriya nan, na kafa can, na sa ta tsakiya a Jajimaji, aiki dai kamar a Turai. Katunan kuwa hotunansu ne kawai suka rage, don na takarda ambaliya ta shiga ɗakin ajiya ta mai da su kunu. Na kwashe hotunan daga tsofaffin kwamfutoci na zuba a saba, a wata folda mai suna KATI, sannan na goge tsofaffin tas don su yi sauri. Faifan da za a riƙa ajiye kwafi na biyu kuma sai ran Litinin zai iso daga Kano. Kun dai gane: katin kowa, na masu ciwon ƙoda da masu hawan jini da matan da ke zuwa awo, na shekaru barkatai, wuri ɗaya tak yake a duniyar nan.

Likita ya ce, "Injiniya, ba ka jira faifan nan ya zo ba kafin ka yi gwaje-gwajenka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, inda nake tsaye ai ba a neman kwafi na biyu."

Gwajin da yake nufi shi ne na ɗaukar nauyi. Kafin ka miƙa saba ga masu ita sai ka loda mata kaya kamar jakin 'yan kasuwa ka ga inda za ta durƙusa. Akwai manhajar da ake yi da ita, kai ne za ka saita mata komai: kwamfuta nawa za su afka wa sabar a lokaci guda, girman fayil ɗin da za su riƙa ɗauka, minti nawa za a yi, kashi nawa karatu kashi nawa rubutu, sannan a wace folda za a yi wannan dambe. Ran Juma'a na yi na karatu zalla, kuma don in ga gudu na gaskiya sai na nuna mata foldar KATI kanta, tunda karatu ba ya ɓata komai. Sakamako ya fito, kai, har sai da na tafa wa kaina.

Ran Asabar da hantsi, lokacin da babu layin marasa lafiya, na zo yin babban gwajin. Na saita kwamfuta goma sha biyu, takwas a Nguru, huɗu a Gashua. Na ce a yi rabin awa, kashi saba'in karatu, talatin rubutu a kan duk fayil ɗin da aka tarar. Akwai kuma wani ɗan akwati a ƙasa wanda in ka danna, ana gamawa manhajar za ta share duk abin da ke cikin foldar, don kada tarkacen gwaji ya cika wuri. Na danna shi. Na kira Madam Rifkatu, ma'aikaciyar kati ta Gashua, dattijuwa ce 'yar Filato wadda ta fi shekara ashirin a garin, na ce ta kunna nata huɗun. Ta ce sun tashi. Na yi bismillah, na buga, na jingina da kujera na ɓare goro.

Goron nan ban haɗiye shi ba. Allon ya nuna kwamfuta goma sha uku ne a haɗe.

Na ce to, wata nas ce ta saci layi tana kallon fim. Amma sai na ga ita ta sha ukun ba wasa ta zo yi ba. Kafin nawa sha biyun su motsa, ta riga ta buɗe fayil-fayil ɗin nan duka ta riƙe, dubbai, a lokaci ɗaya, abin da ko sabar da kanta sai ta yi nishi kafin ta yi. Duk wadda ta kai hannu za ta yi rubutu sai amsa ta dawo wai an hana, fayil yana hannun wani. Jan rubutu ya cika allo kamar an yanka rago a kai. Gudun da jiya ya yi kamar jirgin sama yau ko kunkuru mai ciwon ƙafa sai ya wuce shi.

Raina ya ɓaci. Ni za a kunyata? Na kore ta daga layin. Wallahi kafin in ɗauke yatsana ta dawo. Na sake, ta dawo. Na toshe lambarta gaba ɗaya, ta dawo da lambar nan dai da na toshe, ta sake rungume fayil ɗin kamar kaza a kan ƙwai. Na tashi na zaga ɗakunan Nguru ina ƙirgawa, takwas cif. Na kira Madam.

"Madam, wa ya kunna ta biyar a wajenku?"

"Wace ta biyar? Huɗu ne, ga su ina kallo. Ko ka ɗauka ban iya ƙirga ba ne, Injiniya?"

"To akwai wata a kan layi, ta ɓangarenku take shigowa. Sunanta MODU."

Sai ta ce, "Yesu Almasihu. Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta ce ai kwamfutar Ba Modu ke nan, tsohon mai kula da kati, wani Babarbare da ya riƙe ɗakin kati tun ranar da aka buɗe asibitin, mukullin kabad a wuyansa yake kwana, ko Likita bai isa ya ɗauki kati ba tare da ya sa hannu a littafinsa ba. Ya rasu damina biyu da suka wuce. Kwamfutar tasa tana sito can wajensu a Gashua.

Na yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Na ce, "Madam, aljanu ba su iya netwok ba." Na koma cikin saitin gwajin don in ga ta inda zan hana ta shiga, kuma a nan idona ya sauka a kan layin folda. Jama'a, ban canja ba. KATI ce a rubuce, tun ta jiya. Foldar GWAJI da na tanada tana can babu wanda ya taɓa ta. Wato ni da hannuna na tura kwamfuta goma sha biyu su yi ta zuba shirme a kan katunan mutane, sannan na ba da umarni in sun gama a share ragowar. Agogon gwajin kuma saura minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Ban san lokacin da na tsayar da shi ba, na dai san gwiwata ta bugi tebur, goro ya sarƙe ni, ina tari ina innalillahi. Gwajin yana tsayawa, ina kallo, ta sha ukun ta saki fayil ɗin nan, ta fice daga layi da kanta. Na bi katunan ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya ba a taɓa ba.

Bayan azahar na hau mota zuwa Gashua, don ni ba a yi mini labari. Madam ta buɗe siton, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita iyakarta nan. Ga kwamfutar can ƙarƙashin karyayyen gadon asibiti, an rubuta MODU da jan alƙalamin maka a gefenta. Babu wayar wuta, babu wayar netwok. Na juya ta, murfin a buɗe, an cire faifanta, an cire abin ba da wuta, zanzaro har ya yi ɗaki uku a ciki. Amma da na ɗora tafin hannuna a kanta, ɗumi na ji, irin na injin da bai daɗe da hutawa ba, alhali ƙarfen gadon da ke samanta sanyi ƙalau. Na janye hannuna na sa a aljihu, na ce wa Madam zafin gari ne.

Na yi ta bincike, ni da ba a kayar da ni a wannan fanni. Tsohon suna yakan maƙale a jerin saba, wannan na sani, amma suna ba shi da hannun riƙe fayil. Har yau ban gano ba. Abin da zan ce muku kawai, musamman 'yan'uwana masu sana'ar nan: kafin ku buga gwaji, ku karanta layin folda sau uku da babbar murya, kada ku gwada komai a kan kayan mutane sai akwai kwafi, kuma in kun shiga ofishin da wani ya daɗe yana tsaro, ku yi sallama ko da ba ku ga kowa ba.

Ran Litinin faifai ya iso, na yi kwafi, na sake gwajin a inda ya kamata, kwamfuta sha biyu cif, gudu kuwa ba a magana. Likita ya tara ma'aikata ya yaba mini, ya ce ya ji an ɗan samu tangarɗa ran Asabar. Na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, ai tsarin da na kafa ne ya kare kansa, haka aikin ƙwararru yake." Kowa ya jinjina kai. Madam Rifkatu, da ta zo Nguru karɓar sababbin katuna, ta jira har aka watse, ta matso kusa da ni tana gyara ɗankwali, ta ce a hankali:

"Injiniya, ka ji tsoron Allah. Ranar nan ku biyu ne a bakin aiki, kuma wanda ya mutu ne ya san abin da yake yi."